Kwana uku a gindin rumbun maƙwaƙƙwafi a Kalifoniya

Tun da na zo ƙasar nan ta Amurka karatu akwai wani Bature da muke ɗakin gwaji ɗaya, ni ƙasar noma nake bincike shi kuma ƙwari ne nasa, amma in ka bar shi da bakinsa ba shi da zance sai na tsuntsaye. Shi yasa na laƙaba masa Sarkin Tsuntsaye, da na fassara masa ya ji daɗi, har yau da sunan yake amsawa. Wata rana muna shan shayi ina ba shi labarin yadda gandu yake a ƙauyenmu can ƙasar Katsina, uba da 'ya'yansa maza da matansu, gona ɗaya rumbu ɗaya tukunya ɗaya, sai ya ajiye kofi yace to ai akwai tsuntsun da ke gandu a nan Kalifoniya. Nace haba dai. Yace wallahi, to shi ba wallahi yace ba amma kun gane, in watan Oktoba ya kama zan kai ka ka gani da idonka.

Na ɗauka zancen shan shayi ne, ashe mutumin da gaske yake. Ya taɓa yin wasu watanni yana taya masu bincike aiki a wani daji da ake kira Hastings, can cikin kwarin Kamel a gundumar Monterey, wurin na Jami'ar Kalifoniya ta Bakli ne tun 1937, kuma ba wurin yawon buɗe ido ba ne da kowa zai faɗa, sai da ya nemo mana izini tukuna.

Ranar Juma'a ana saukowa masallaci muka ɗauki hanya daga garin Debis a tsohuwar motarsa, tafiyar wajen awa huɗu. Muka miƙe kudu muka hau babbar hanya mai lamba 101, a Gilroy warin tafarnuwa ya cika motar duk da gilashi a rufe, garin da tafarnuwa aka san shi, daga nan sai Salinas, gonakin latas iya ganinka, layi-layi kamar da zare aka ja. Ni da nake karatun ƙasa sai da na roƙe shi ya tsaya na dumbuzi ƙasar na murza a hannu, yana ta min dariya. Bayan nan hanya ta fara hawa tudu tana murɗewa kamar maciji, har muka gangara ƙauyen Kamel Bali muka sayi burodi da ƙwai da gwangwanin kifi, muka ƙara gaba gabas. Ba mu yi nisa ba sabis ɗin waya ya ɗauke.

Abin da ya fara kama ni shi ne kalar wurin. Ciyawa duk ta bushe ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, ga manyan itatuwa tsilli-tsilli a kan tuddai, wallahi in ka lumshe ido kaɗan sai kace dajin gida ne da kaka bayan an kwashe amfani, ɗorawa da kaɗanya a tsaye cikin gonaki. Su nasu lissafin a juye yake da namu, lokacin zafi ba ɗigon ruwa, sai sanyi ya shigo ake musu damina. Itatuwan nan su ne Turawa ke kira ok, ba ok ɗin da muke rubutawa a waya ba, sunan itace ne, 'ya'yansa kuma ekon. Ƙwallo ne mai tsini kamar harsashi, na wasu tsawonsa ya kai gaɓa biyu ta ɗan yatsa, da 'yar hula a gindinsa. Na fasa ɗaya na ɗanɗana, kai jama'a, bauri kamar na tauna bagaruwa, kuma ba mamaki don sinadarin da majema ke nema a bagaruwa irinsa ne a ciki.

Kafin mu kwanta sai da ya yi min huɗuba. Kar na taɓa wani ɗan tsiro mai ganye uku-uku da ya yi jajir, ƙaiƙayinsa ya fi na ƙarara kuma yana iya kai sati biyu. Na tura ƙafar wando cikin safa saboda kaska. Na duba inda zan sa ƙafa saboda akwai maciji mai caki a wutsiya. Nace Sarki, kai da kace tsuntsu za mu kallo.

Da asuba sanyi kamar tsakiyar hunturu a Jos, na yi alwala da ruwan da ya kusa tsinke min yatsu. Wani abin da har yanzu ban saba da shi ba, a Kalifoniya alƙibla arewa take ta ɗan karkata gabas, duk sanda na tayar da sallah sai jikina ya riƙa gaya min na juya baya. Na idar muka ɗauki kaya, madubin hangen nesa na rataye a wuya, wani babba mai ƙafa uku, ɗan tanti na yadi da ake ɓuya a ciki, da fulas ɗin shayi.

Kunne ya riga ido. Tun muna nesa na ji wani surutu daga saman itace, waka-waka-waka, waka-waka-waka, kamar tsofaffi na dariyar ƙeta. Sarki yace haka ma masu binciken ke kiran kukan, waka. Nace to a yarenmu waƙa ce, a Turancin Buroka kuma waka-waka mai yawon tsiya ne, ya ce na biyun ya fi dacewa da su, zan gani.

Sai ga itacen. Ban san yadda zan kwatanta muku ba sai dai nace kamar mai zanzana. Tun daga inda hannuna zai kai har can ƙololuwa, jikinsa da busassun rassansa duk huda ne, huda kusa da huda ba masaka tsinke, kuma kowace huda da ƙwallon ekon guda ɗaya a ciki, an cusa tsinin ciki gindin yana leƙowa. Na sa farce na gwada zaro ɗaya, ko motsi bai yi ba. Na sa makullin ɗaki, nan ma a banza. Sunan da Turawa suka ba irin wannan itacen ma'anarsa rumbu, ba ni na ƙirƙira ba, kuma an taɓa ƙiyasta wani guda ɗaya da huda 50,000. Namu bai kai nan ba, Sarki yace zai yi dubu uku zuwa huɗu. Hudar ba ta kashe itacen don a busasshen reshe ko a kaurin ɓawo suke yinta, ba sa kaiwa ga tsokar.

Shi kansa mai rumbun ɗan mitsitsi ne, bai kai kurciya ba, nauyinsa wajen giram 80. Maƙwaƙƙwafi ne dai irin namu mai bugun itace da baki, amma shi wannan ya sha ado: baya baƙi wuluk, ciki fari, goshi fari, jar dara a ka, ido fari fat da ɗigon baƙi a tsakiya. Fuskar nan in ya juyo ya kalle ka sai kace ɗan kama ya shafa alli zai fara wasa. Namiji jar hularsa ta haɗe da farin goshi, mace kuma akwai baƙin layi da ya raba su, wannan na koya cikin minti biyar. Abin da ya ba ni wuya zobba ne.

Kusan duk tsuntsun da ke dajin nan yana da zobba masu kala a ƙafa, kowa da nasa haɗin, kamar lambar mota. Wasu ma'aurata masu suna MacRoberts suka fara bin su a 1968, Walter Koenig ya karɓa a 1974, ana nan ana yi har yau, sama da shekara hamsin kenan ana rubuta wane ya haifi wane, wane ya bar gida, wance ta koma gidan su wane. Ni da kakan kakana ma sai an tambayi tsofaffi, ga tsuntsu da salsala a rubuce. Aikin kuwa ba wani abin burgewa ba ne, zama ne cikin ɗan tantin nan awa biyu awa uku, ƙafa ta yi tsami, kana leƙe ta madubi kana jira tsuntsu ya juya ƙafarsa. Nakan ce ja da fari a hagu, Sarki ya leƙa yace ruwan lemo ne da fari kuma a dama. Sau uku ina ƙirga tsuntsu ɗaya a matsayin biyu. Zuwa hantsi dai muka tsayar da lissafi: su takwas ne a gidan. Maza uku manya 'yan uwan juna, mata biyu ya da ƙanwa da suka zo daga wani gida, sai 'ya'ya uku da suka girma ba su tafi ba, biyu na bara ɗaya ya shekara uku.

Wannan ɗan shekara ukun shi na fi sa wa ido, yana da shuɗin zobe a kan rawaya. Tun safe yake jigila, ya tashi zuwa wani itace can gangare, ya tsinko ekon, ya dawo da shi a baki, ya fara neman huda. Ya sa a wannan ta yi faɗi ya zare, ya sa a waccan ta yi ƙunci ya zare, na ƙirga masa sau bakwai kafin ya samu wadda ta yi daidai, sannan ya bubbuga shi da baki har ya shige. Kuma aikin bai ƙare nan ba, don ekon in ya bushe motsewa yake, hudar da ta riƙe shi gam yau nan da sati biyu ta yi masa yawa, in aka bar shi ɓarawo zai zare ko ya faɗo. Saboda haka kullum akwai masu bin rumbun suna taɓa ƙwallo ɗaya-ɗaya, wanda ya yi lako-lako a mayar da shi ƙaramar huda. Na tuna yadda Inna ke sa mu fito da damman gero mu shanya mu mayar, muna ƙunƙuni.

Ɓarayi kuwa ga su nan. Akwai wani shuɗin tsuntsu mai dogon wutsiya da baƙin wayo, ya zo ya sauka a reshen ƙasa yana yi kamar ba ruwansa, kafin kace kwabo uku sun yi kansa, har da wadda na ɗauka barci take. Can da rana kurege ya gwada sa'arsa, suka riƙa kawo masa sura ɗaya bayan ɗaya suna kai masa sara a baya har ya diro ya ranta a na kare. Ba wanda ya tsaya tambayar wa ya ajiye wane ƙwallo. Kowa na zubawa kowa na ci, kowa na tsaro. In ɗaya ya dawo daga wani wuri ya sauka kusa da ɗan uwansa sai su buɗe fukafukai su yi waka-waka, gaisuwa kenan, sannu da dawowa.

Abin da ya ba ni mamaki, ekon ba shi ne babban abincinsu ba. Da rana ta yi zafi sai na ga sun koma saman busassun rassa, ɗaya ya yi tsalle sama ya cafke ƙwaro a iska ya dawo mazauninsa, haka suka yi ta yi. Suna cin tururuwa, suna huda ɓawo su sha ruwan itace. Rumbun na ranar da babu ne, tsakiyar sanyi sanda ƙwari suka ɓace ana ta ruwa, kuma gidan da ajiyarsa ta kai shi bazara shi ke samun ƙarfin yin ƙwai da kyau. Wasu mutane na cewa wai tsutsa suke kiwo a cikin ƙwallon, Sarki yace ba haka ba ne, tsokar suke ci, na kuma gani da idona, ɗaya ya zaro ƙwallo ya kai shi wata tsaga a kan reshe ya maƙale ya fasa ya riƙa tsattsaga. Saboda muhimmancin abin, tun 1980 duk kaka sai an ƙirga yawan ekon a dajin, mutum biyu su tsaya gindin itace da madubi kowa ya ƙirga iya abin da zai iya cikin daƙiƙa 15, a wuce na gaba. Itatuwan ok ba su da tabbas, bana su yi 'ya'ya kamar hauka baɗi su yi shiru.

Har zuwa nan ina ta gyaɗa kai ina cewa lallai gandu ne. Da dare muna cin burodi da kifi Sarki ya warware min sauran, nan na ce a'a, tsaya, wannan ba irin gandunmu ba ne.

Maza ukun nan da mata biyun nan ba a raba ba, wai wannan matar wane ce. Dukkan mazan na dukkan matan ne. A wasu gidajen ma mace ɗaya ce da maza huɗu ko biyar, ana samun har bakwai, matan kuma ba su cika wuce uku ba. Nace a'uzubillahi, ya kusa shaƙewa da dariya. Matan kuma rami ɗaya suke zuba ƙwai, a kwanta musu tare, wajen kwana 11 su ƙyanƙyashe, kowa a gidan ya yi ta ɗaukar abinci yana kaiwa har wata guda kafin 'ya'yan su fito. To amma ga inda kishi yake. In ya ta riga ƙanwa fara ƙwai, ƙanwar sai ta faki ido ta shiga ramin ta ɗauko ƙwan a baki ta kai shi kan reshe, a fasa, 'yan gida su taru su shanye, har da uwar ƙwan. Gobe ta sake yi a sake ɗaukewa. Ba a dainawa sai ranar da su biyun suka fara yi tare, daga nan ba mai iya bambance nata da na 'yar uwarta sai a zauna lafiya. A gidajen da mata suka haɗa rami, sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙwai haka yake salwanta. Uwa ɗaya uba ɗaya fa. Nace ashe kishiyoyin garinmu waliyyai ne, su iyakarsu habaici da gugar zana a bakin murhu.

Sai na tambaye shi ɗan shuɗin zobe, shekara uku yana bauta, shi yaushe zai yi nasa? Yace ai matsalar kenan. Duk rashin kunyar tsuntsun nan akwai layin da ba ya tsallakawa, ba ya haihuwa da uwarsa ko 'yar uwarsa, mace ma ba ta yi da ubanta. Muddin iyayensa mata na raye a gidan, shi ɗan aiki ne kawai. Hanya biyu gare shi. Ko dai matan gidan su ƙare wasu baƙi su zo su maye gurbinsu, a lokacin sai ya shiga sahun iyayensa maza, wato ya gaji gida tun uban na raye, wannan ma sai da na sake cewa a'uzubillahi. Ko kuma ya samu wani gida da mazansa suka mutu ya je ya ƙwace. Shi yasa suke waka-waka ɗin da Sarki ya faɗa, kusan kullum sai sun saci jiki sun zaga gidajen maƙwabta suna leƙen wa ke nan wa ba ya nan. Washegari kuwa na lura, wajen ƙarfe goma ɗan shuɗin zobe ya ɓace, bai dawo ba sai bayan kusan awa ɗaya, ya sauka ya yi waka-wakarsa ya ci gaba da aiki kamar ba inda ya je.

In gurbi ya buɗe a gida mai babban rumbu, yaƙi ake. Sarki ya taɓa gani sau ɗaya, yana ba ni labari yana miƙewa tsaye. Labari na bazuwa cikin 'yan awoyi, 'yan uwa su haɗa gayya, wa da ƙannensa ko ya da ƙannenta, uku-uku huɗu-huɗu, su taho daga ko'ina, sai ka ga tsuntsu talatin arba'in a itace ɗaya, ihu ba ka jin maganar na kusa da kai, suna buɗe fukafukai suna kokawa a iska har su faɗo ƙasa a maƙale da juna, wani ya rasa ido wani ya karye. Gayyar da ta fi yawa ita ta fi cin nasara, kaga amfanin 'yan uwa. Wani bincike da Sahas Barve da abokan aikinsa suka fitar a 2020, bayan sun ɗaura wa tsuntsayen 'yan na'urori masu nuna inda suke, ya gano mayaƙan kan yi har awa goma a rana suna fafatawa, kwana huɗu a jere. Abin dariyar, akwai 'yan kallo. Tsuntsayen da ke da gidansu da rumbunsu, ba abin da suke nema, su baro gida daga nisan kilomita uku su zo su zauna kusan awa guda suna kallo su koma. Nace wannan kam mutanenmu ne, a bar tukunya a wuta a tafi kallon dambe.

Ni ban samu ganin yaƙin ba. Abin da na gani wata baƙuwa ce mara zobe da ta zo ta sauka a gefen rumbu ranar Asabar da yamma, matan gidan biyu suka taso mata, mazan ko kallo ba su ɗaga kai sun yi ba. Mata ke korar mata, maza ke korar maza.

A ranar ne kuma muka gangara wani rafi da ya kusa ƙafewa ya nuna min wani faffaɗan dutse mai ramuka zagaye-zagaye masu santsi, turame ne. Mutanen asalin yankin, Eselen da Ramsen, kafin zuwan Sifaniyawa ekon ne tuwonsu, mata su daka shi a nan su yi ta zuba masa ruwa har baurin ya fita, kamar yadda ake jiƙa rogo mai ɗaci, kuma su ma rumbuna suke yi masa na saƙa. Na sa hannu cikin ramin na zauna shiru na ɗan lokaci. Yanzu masu gidaje a Kalifoniya da yawa kallon ɓarna suke wa tsuntsun, don bai san bambancin itace da bangon katako ko falwayar wuta ba. A farkon 2023 labari ya zaga duniya na wani gida a gundumar Sonoma da aka fasa bango ekon ya yi ta zubowa, sama da kilo 300. Suna ta cusawa ta wata huda yana faɗawa ciki, su kuma ba su fasa ba.

Da magariba muka koma don ganin kwanciyarsu. Suka taru a wani reshe kusa da ramin da suke kwana, aka yi ta waka-waka, sannan wani abu da ban gane ba, kowa ya ɗan haye bayan ɗan uwansa na daƙiƙa ɗaya ya sauka, mace kan namiji, namiji kan mace, yaro kan babba. Sarki yace haka suke yi kafin kwanciya, ba barbara ba ce. Daga nan ɗaya bayan ɗaya suka shige, biyar rami ɗaya, uku wani ramin a itacen gefe. Daji ya yi tsit. Can nesa talo-talon daji na kuka, ni kuma ga sanyi ga sallah na jirana.

Ranar Lahadi da safe kafin mu kama hanya yace akwai wuri ɗaya da yake so na gani. Muka hau wani tudu, tafiyar minti ashirin, sai ga wani ƙaton itace kwance a ƙasa ya ruɓe rabi, jikinsa duk huda, dubbai, ba ko ƙwallo ɗaya sai gizo-gizo da tururuwa. Yace lokacin da yake aiki a nan gida ne mai tsuntsu goma sha wani abu, yana cikin manya, iskar damina ta kayar da itacen. Ba su mutu ba, watsewa suka yi, wasu aka gan su a gidajen maƙwabta wasu ba a sake ganinsu ba. Ga itatuwan ok nan kewaye suna ta zubar da 'ya'ya, abinci bai ƙare ba, wurin ajiya ne babu. Huda ɗaya aiki ce, tsuntsu ɗaya 'yan kaɗan yake iya ƙarawa a shekara, rumbu mai dubbai aikin kakanni ne, shi yasa saurayi ba ya cewa bari na je na kafa nawa, gara ya zauna ya yi bauta yana jiran gurbi.

Na tsaya a kan gungumen nan ina lissafin gidanmu. Mu shida ne maza a wurin Baba. Sanda gona ke ciyar da kowa ba wanda ya motsa, ko faɗa aka yi da dare da safe kowa ya ɗauki fartanya. Da aka raba gonar kakanmu tsakanin Baba da 'yan uwansa, abin da ya rage bai isa ba, ɗaya ya tafi Legas acaɓa, ɗaya Abuja gini, biyu suna Kano kasuwa, ni boko ya kawo ni nan. Yaya babba kaɗai ya zauna, shi ke noma shi ke riƙe da tsofaffi, kuma mu da muka watse ba wanda ya daina son wani. Ban gaya wa Sarki wannan ba, yana can yana ɗaukar hoton wani ƙwaro a jikin gungumen.

Muna hawowa tudun da ke bayan ƙauyen sabis ya dawo, waya ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Cikin saƙonnin WhatsApp akwai muryar Yaya har uku, na farko gaisuwa, na biyu yana cewa an gama da masara Alhamdulillahi, na uku kuma jinkar babban rumbu ta lalace gara ta ci, yana so a gyara kafin a yanke dawa, in da hali na ɗan turo wani abu. Na tura masa bidiyon ɗan shuɗin zobe yana gwada huda, na yi masa bayani da murya, nace Yaya ka ga wani tsuntsu a nan shi ma rumbu gare shi, su takwas suke tarawa. Muna wuce Salinas amsa ta shigo. Yace ikon Allah, to su wa ke riƙe da makulli? Nace ba makulli Yaya, kowa ɗiba yake. Ya ɗan jima sannan ya sake turowa, ina jin Inna na magana a bayansa, yace Inna na tambaya ana cin sa kuwa, kuma kar na manta da zancen jinka.